Baiwa da Uwar Ƙullu

Matar yayana ce, don haka ina da izinin faɗar abin da na ga dama a kanta, ita ma kuwa ba raga mini take yi ba. Sunanta Baiwa. In ka taɓa biyowa ta Uwani da sassafe, ta bayan Kasuwar Kenyatta a nan Inugu, ƙanshin masa ya tare ka a hanya har ka manta inda ka nufa, to daga rumfarta ya fito. Ni Bashira, shagon ɗinkina yana kallon rumfar, kwalta ce kawai tsakaninmu. Shi ya sa babu abin da ke wuce ni, wanda ya wuce ni ma sai na bi shi na tambaya.

Haifaffiyar Anacha ce. Mahaifinta ya daɗe yana sayar da albasa a Kasuwar Ochanja, ita kuma a gindin buhunan ta yi wayo. In tana yaren Ibo sai ka leƙa fuskarta kafin ka yarda Bahaushiya ce. Gajera ce, mai dariya da ƙarfi, kuma ba ta iya tafiya a hankali ba. Aure ya kawo ta Inugu, gidan Yaya Hammadu mai kai shanu mayanka. Ta haifi maza uku da mace ɗaya, Ikram, ita ce auta. Shekara da shekaru tana ƙulla zoɓo da kunun aya a gida, tana cewa wata rana sai ta yi rumfa tata ta kanta. Mu kuma muna ce mata Allah ya nuna mana, muna dariya.

Kwatsam sai ga Dada ta ce za ta sayar da tata. Dada tsohuwa ce 'yar Haɗeja, shekara talatin tana suyar masa a wannan kwana. Babu Bahaushen da ya sauka Inugu bai ci masarta ba, Ibo ma a hannunta suka koyi cin ta da miyar taushe. Gwiwoyinta suka ƙi, ɗanta ya zo ya ce lallai sai ta koma gida ta huta. Anti Baiwa ta sayar da sarƙar aurenta, Yaya ya cika mata, aka yi ciniki a gaban shaidu. Ta samu tanda uku, benci huɗu, manyan tukwane, sai kuma Munira, wata bazawara mai 'ya'ya biyu da ta shekara tara tana juya masa a ƙarƙashin Dada ba a taɓa jin ta ɗaga murya ba.

Ranar da Dada za ta tafi, ta ja Anti cikin ɗan ɗakin da ke bayan rumfa, ta turo ƙofa, muka ji an sa sakata. Na kasa kunne iya kasawa, wallahi ko tari ban ji ba. Sai bayan shekara shida na san abin da aka yi a ciki. Wata tsohuwar langa koriya Dada ta ɗauko, bakinta duk ya ɓaɓɓare, ta buɗe. Ƙullun masa ne a ciki, bai fi ludayi biyu ba, yana tsami.

"Wannan ita ce uwar ƙullu," in ji Dada. "Ba benci kika saya ba, 'yar nan, ita kika saya. Kullum da la'asar in an dawo daga niƙa, ki juye ta a cikin sabon ƙullu. Da asuba, kafin ki sa sukari da ruwan kanwa, ki ɗebi ludayi biyu ki mayar a langa. Shekara talatin ba ta taɓa yankewa ba. Hannun mai rumfa kaɗai ke taɓa ta, kuma ƙofa a rufe. Ranar da wani ido ya gan ta, ko kika kwana a wani gari kika bar ta, masarki ta zama irin ta kowa."

Anti ta riƙe wannan magana da hannu biyu. Masar kuwa ba ta canja ba, ga laushi, ga ɗan tsamin nan da ke sa mutum ya ce a ƙaro biyu. Ciniki ya ma fi na da, domin Anti tana da baki, kowa ya zo sai ta tambayi iyalinsa da suna. Aka fara kiran ta Hajiya, alhali ba ta je Makka ba, kuma ba ta da hanyar zuwa. Ina za ta je? Shekara shida matar nan ba ta kwana a wajen Inugu ba. In shinkafa ta ƙare ita za ta hau mota zuwa Anacha da kanta, ta tauna ƙwayar ta ji, ta dawo kafin la'asar. Bikin ƙaninta uwa ɗaya uba ɗaya, ana ɗaura aure ta sulale, ko shinkafar biki ba ta ci ba. Akwai ranar da zazzaɓi ya kayar da ita, na ga ta sauko daga keke mai ƙafa uku da allurar ƙarin ruwa manne a bayan hannu, ta shige ɗakin nan ta sa sakata. Yaya Hammadu ya girgiza kai ya ce shi dai bai san ko ita ta sayi rumfar ko rumfar ce ta saye ta ba.

Bara Ikram ta yi aure a Fatakwal, mijinta yana da shago a Kasuwar Creek Road. Bikin a nan aka yi, kai amarya kuwa ni na jagoranta, don haka bai taɓa langa ba. Da ciki ya tsufa muka sa ran za ta dawo gida ta haihu, kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Sai likita ya ce hawan jininta ba zai ɗauki hanyar nan ba, ta zauna inda take. Uwar mijin ta rasu, danginsa duk suna Sakkwato. Ina zaune a rumfa ina cin masar da ban biya ba lokacin da Ikram ta bugo.

"Umma, za ki zo ki yi mini wanka ko?" in ji ta.

Wankan jego kwana arba'in ne, kowa ya sani. Anti ta kalli ƙofar ɗakin nan, ta kalle ni.

"Za a san yadda za a yi," ta ce.

"Umma, ba yadda za a yi nake tambaya ba. Ke nake so."

Da ta ajiye wayar na ce, "Anti, ni sai na je, ai 'yata ce." Ta harare ni. Ta ce ni da ko ruwan shayi sai na ƙona baki da shi, ni ce zan riƙe ruwan wankan mai jego? Gaskiya na ji haushi, amma na ga idonta ya kawo ruwa, sai na haɗiye. Yarinya ɗaya tilo, saura wata biyu, uwa kuma an ɗaure ta a wani ɗaki da ni ko cikinsa ban taɓa gani ba.

Dabarar farko da ta yi ta banza ce. Wata Talata ta bar langa a rufe, ta ce Munira ta haɗa ƙullu da yis kawai, a ga ko wani zai gane. Masa ta tashi, ta yi kyau a ido. Sai ga Oga Nwafor, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da aka haifa a Sabon Garin Kano, Hausarsa ta fi ta 'ya'yana. Tun zamanin Dada bai taɓa fashin karin kumallo a wannan benci ba. Ya gutsuri ɗaya, ya tauna, ya ajiye.

"Hajiya, lafiya kuwa? Yau burodi aka soya mana?"

Anti ta ce a ƙaro masa miya. Ya ce miya ba ta yi laifin komai ba. Ya biya, ya ɗauki sandarsa ya tafi, ya bar huɗu a faranti.

Da yamma ta kira ni ta ce in zo in zauna, za ta buga wa Dada. A nan ne ta fasa mini sirrin langa, na riƙe baki. Ni da na shekara shida ina zaton laya ce ko wani rubutu, ashe kwantan ƙullu ne! Dada ta ɗauka, aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi gwiwa, aka tambayi ruwan sama, aka tambayi mutanen Uwani ɗaya bayan ɗaya. Sannan Anti ta kawo maganar.

"Kul!" in ji Dada. "Kada ki kuskura. Ki nuna wa Munira yau, gobe ta buɗe tata a gabanki. Ki aika wata ta yi wankan, ai haka ake yi."

"Dada, jikokinki nawa?"

"Goma sha ɗaya, Allah ya raya."

"Amin. Nawa kika yi wa wankan jego a ciki?"

Sai kukan akuya kawai muke ji daga can Haɗeja. Can sai Dada ta ce katinta ya kusa ƙarewa, ta kashe, alhali mu muka kira.

Washegari ina buɗe shago na ga kafinta yana kwance ƙofar ɗakin. Ba buɗe ta aka yi ba, cire ta aka yi gaba ɗaya, aka jingine a bango. Anti ta kira Munira, ta ɗauko langa ta buɗe a gabanta. Munira ta leƙa, ta shinshina, ta yi ɗan murmushi.

"Dama na yi zaton haka ne, Hajiya," ta ce. "Ina jin ƙanshinsa a hannunki."

Shekara goma sha biyar baiwar Allah nan ta sani, ba ta ce uffan ba!

Koyarwar ba ta zo da sauƙi ba, domin Anti komai da hannu take aunawa. Ta ce gishiri tafi ɗaya, Munira ta zuba tafi ɗaya, aka soya, babu mai iya ci. Hannun Anti ɗan ƙarami ne, na Munira kuwa ya yi biyunsa. Sai suka samo gwangwanayen madara da na tumatir. Anti ta ɗebo da hannunta ta zuba, inda ya tsaya a sa ƙusa a yi zane. Na gishiri daban, na sukari daban, na ruwan kanwa daban. Ranar da aka yi ruwa gari ya yi sanyi, ta nuna mata yadda ake matso da robar ƙullu kusa da murhu. Ta hana kanta shiga ɗakin, ta koma benci ta zauna a kan hannuwanta don kada su kai. Daga shagona ina ganin bakinta yana motsi, tana son ta yi gyara tana dannewa.

Ta ɗauki Munira suka tafi Anacha, da goro a leda. Alhaji Indabawa, mai sayar mata da shinkafa a Ochanja, dattijo ne da ba ya sauke buhun kirki sai ga fuskar da ya sani. Anti ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce, "Baba, ga ƙanwata Munira. Daga yau in ka gan ta ni ka gani." Ya zubo shinkafa iri uku a faifai ya ce Munira ta zaɓa. Ta tauna, ta tauna, ta nuna ta tsakiya. Ya yi dariya ya ce to, a shigo da ita.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne rabon uwar ƙullu. Saura mako ɗaya ta tafi, Anti ta raba ta uku. Kashi ɗaya a rumfa, ɗaya a ƙaramar kula za ta tafi da shi Fatakwal, ɗaya kuma ta miƙa wa Munira ta ce ta kai gida ta riƙa raya shi tana yi wa yaranta masa. Na ja ta gefe.

"Anti, kanki ɗaya kuwa? Kin ba ta gwangwani, kin ba ta Alhaji, yanzu kin ba ta uwar ta kai gida. Me ya rage? Ki haɗa mata da bencin mana!"

"In ta buɗe tata, masa za ta sayar, ba sata za ta yi ba," in ji ta. "Ke dai uwar gulma, ki sa mini ido a rumfa."

Sa ido kuwa aikina ne, na karɓa da murna.

Ta tafi ranar Lahadi, Ikram ta sauka ranar Laraba, namiji, lafiya lau. Makon farko wayar Munira ba ta huta ba. Ƙullu ya tashi? An sa albasa? Oga Nwafor ya cinye? Ranar suna Anti ta turo hoton masar da ta soya da nata kason, wai mutanen Creek Road har layi suka yi. Bayan suna kiran ya ragu zuwa sau ɗaya a rana. Daga baya ma sai mu muke kira, ta ce mu yi sauri ruwan wanka zai huce.

Yanzu ga inda nawa ya fito, kuma zan faɗa tunda ni nake ba da labarin. Rana ta goma sha tara, da azahar, an gama suya, Munira ta tafi kai niƙa. Na ce bari in zagaya in ga yadda ake riƙon amana. Na shiga ɗakin da babu ƙofa, na ga langa a kife a kan kanta, ban kawo komai a raina ba. A gefe kuma ga wata farar roba mai murfi, na buɗe, wani tsami ya doke ni. Na ce ka ji ƙazanta, mai rumfa ba ta nan an fara barin kwanuka suna ruɓa! Na kwashe na zubar a kwata, na sa omo da soso na wanke ta tas, har ina waƙa. Na kife ta a rana, na zauna ina jiran Munira in wanke ta ita ma.

Ta dawo, ta kalli robar, ta kalle ni.

"Anti Bashira, abin da ke cikin nan fa?"

"Na zubar. Haka Hajiya ta bar miki wuri?"

"Langar ce ta huje shekaranjiya," ta ce a hankali. "Shi ne na mayar da uwar cikin roba."

Innalillahi! Na zauna a kan buhun gawayi. Abin da Dada ta raya shekara talatin, Anti ta raya shida, ni Bashira na kashe shi da omo a minti biyar. Na fara hango Anti ta baro mai jego da ɗanyen jiki ta hau mota saboda ni. Kunya da tsoro suka rufe ni, na fashe da kuka, ba na ɓoyewa.

Munira ta yafa mayafinta ta tari keke. Kafin la'asar ta dawo da wani kwanon sha a ƙulle cikin ɗankwali, kason nan da na ce kada a ba ta. Ta juye a sabon ƙullu, ta juya, ta rufe.

"Gobe da asuba zan ɗebi kashi biyu," ta ce. "Ɗaya a nan, ɗaya ki kai gidanki. Amma ki rubuta a jikin murfin, saboda masu tsabta."

Wannan ita ce baƙar magana ɗaya tak da na taɓa ji daga bakin Munira, kuma na cancance ta. Da safe na tsaya a bakin shago ina leƙen Oga Nwafor. Ya cinye shida, ya sa yatsa ya suɗe miyar, ya tafi.

Anti ta dawo ranar da ta cika kwana arba'in da uku, ba ta gaya wa kowa ba. Ta yi ƙiba, ta yi haske, tana ƙanshin jariri. Ta sauka daga keke da hantsi, rumfa cike, ta tsaya tana kallo. Wani saurayi da bai san ta ba ya ce, "Mama, layi ake bi." Ta kuwa bi layin! Munira ta ɗago ta gan ta, za ta tashi, Anti ta yi mata alama ta zauna. Aka zuba mata huɗu da miya, ta samu gefen benci kusa da Oga Nwafor. Shekara shida tana sayar da masar nan, ranar ta fara cin ta a zaune, da zafinta.

"Yaya kika ji?" na tambaye ta.

"Ita ce," ta ce. Ta kalli masu layi. "Wato Bashira, babu wanda ya yi kewata ke nan?"

Oga Nwafor ya ce, "Mun yi kewarki, Hajiya. Masar ce dai ba ta yi ba."

Ta yi dariyar nan tata har ana juyowa, amma na ga ta share ido da bakin mayafi. Na bari ta cinye sannan na faɗa mata zancen omo. Ta bi ni da ludayi har tsakiyar kwalta. Har yau in na shiga rumfar sai ta ce a ɓoye robobi.

Da la'asar muna zaune ni da ita a benci, tana nuna mini hotunan yaron, Munira tana can ciki tana haɗa ƙullu, sai waya ta yi ƙara. Dada ce. Tun ranar da ta kashe mana waya ba a sake jin ta ba. Wannan karon gaisuwar ba ta yi tsawo ba.

"An ce kin je Fatakwal."

"Na je, Dada."

"Kin yi arba'in ɗin?"

"Har da kwana uku a kai."

"Ke kika yi masa wankan da hannunki?"

"Safe da yamma, shi da uwarsa."

"Masar fa?"

"Tana nan yadda kika bar ta."

Anti ta duba ko wayar ta yanke. Sai muka ji muryar tsohuwar, ƙasa-ƙasa, ba da mu take ba.

"Ashe da na je," in ji Dada.

Can Dada ta yi gyaran murya ta ce a turo mata hoton yaron, wanda ake yi masa wanka.